Ramuka a Farin Mabul

Fanka ɗaya. Fo. Rigunan barci. Rediyo. Ledar magunguna daga asibiti. Hoton mijinta, marigayi Lemuel. Sai ita kanta, Verna Tolliver, zaune a kan kujerar cin abinci, ɗanta Clifton riƙe da bayan kujerar, wani ƙato da aka ɗauko haya riƙe da ƙafafun gaba.

Da ta ga sun wuce hawa na biyu ba su tsaya ba, ta dafa bango.

"Clifton, ina za ku kai ni? Falon ƙasa na ce maka."

"Mama, ai mun yi wannan maganar a mota."

"Kai ka yi. Ni jin ka kawai nake."

Daga ƙasa muryar Rosalind, matar Clifton, ta biyo su. "Bawan Allah, don Allah kada ƙafar kujerar nan ta taɓa katakon matakalar. Ya girmi kakanka."

Ƙaton ya ce to. Ya karkata kujerar don ya kare katakon, ƙashin ƙugun Verna da aka ɗora da ƙarfe ya amsa. Ta ciji leɓe ba ta yi ƙara ba.

Suka ajiye ta a ɗakin can sama, ƙarƙashin rufin baƙin dutse, inda masu aikin gidan ke kwana a zamanin da. Gado, taga ɗaya, soket ɗaya.

"Na ɗan lokaci ne, Mama," in ji Clifton, yana share gumi. "Kin san Asabar da Lahadi baƙi na zuwa kallon gidan. Ba za a shigo falo a tarar da gadon asibiti a ƙarƙashin silin ɗin nan ba."

"Ɗakina fa?"

"Mun gyara shi kina asibiti. Mun mai da shi yadda yake a asali. Sai kin ga gadon da Rosalind ta samo."

Gidan jan bulo ne mai hawa uku a tsakiyar Baltimore, jere da 'yan uwansa kafaɗa da kafaɗa, kowanne da matakalarsa ta farin dutsen mabul a bakin ƙofa. Verna da Lemuel sun saye shi lokacin da fararen fata ke tserewa daga unguwar, rufin na yoyo, ɓeraye na zarya a falo. Yanzu akwai allon tagulla a gefen ƙofa mai cewa gidan na tarihi ne. Tun da aka kafa allon Clifton ya bar aikinsa na inshora ya dawo gida da matarsa, wai don su kula da Mama.

Watan Yuli ne. Da hantsi rufin ya fara ɗaukar zafi, da rana ɗakin ya zama tanda. Verna ta miƙa hannu ta tura tagar. Fenti ya liƙe ta tun ba yau ba.

"A buɗe min wannan," ta ce wa Rosalind da ta kawo mata abinci.

"Mama Verna, gilashin nan na asali ne. Dubi yadda yake lanƙwasa haske. In aka matsa ya fashe, ba a yin irinsa kuma."

"To a sa min na'urar sanyaya ɗaki."

"Ta titi za a gan ta. Kwamitin tsofaffin gine-gine ba za su yarda ba. Ba mu ba ne, wallahi. Ni ma tausayi kike ba ni."

"A ƙara min soket, in sa fanka da waya tare."

"Sai an fasa bango. Farar ƙasar bangon nan da gashin doki aka kwaɓa ta, kin sani."

Don haka Verna ta riƙa zaɓa. In ta sa fanka, waya ta mutu. In ta sa waya, ta jiƙe sharkaf. Yawanci fanka take zaɓa.

Likita ya ce a riƙa kai ta wajen masu motsa jiki don ƙafar ta koyi tafiya. An kai ta sau ɗaya. Da ranar ta sake zagayowa Clifton ya ce bayansa na ciwo. Ranar da ta biyo baya, ƙaton bai samu zuwa ba. Daga nan ba wanda ya sake ta da maganar. Keken guragun da aka ba ta a asibiti ya kwana biyu a zaure, sai Rosalind ta ce yana ɓata wa zauren kyau, aka saukar da shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ƙafar ta sanƙare. Wani gyambo ya fara fitowa a bayan ƙugunta inda take kwanciya.

Fo ɗin da safe ake zubarwa. Daga baya ya zama sai an tuna.

Hattie Boone, aminiyarta ta coci, ta zo har sau biyu. Gwiwoyinta ba sa hawa bene, kuma duk zuwan an ce mata Verna na barci. Sai ta koma kira a waya.

"Ke tsohuwa, kin mutu ne ba a gaya mana ba?"

"Ina nan, Hattie. Bakinki bai canza ba."

"Suna kula da ke?"

Verna ta dubi fo, ta dubi tagar. Ɗanta ne. Shi kaɗai ta haifa.

"Lafiya lau. Kamar sarauniya."

"To madalla. Kin ji Ida Fenwick ta layin baya? Ita ma ta faɗi. 'Ya'yanta sun yi mata gangaren ƙarfe ta ƙofar baya, tana fita da kekenta har kasuwa. Jiya na gan ta tana cinikin ƙaguwa tana zagin mai sayarwa."

Gidan Ida irin nata ne sak, shi ma da allon tagulla. Da Clifton ya leƙo da yamma Verna ta tare shi.

"Kwamitin da ya hana ni, ya aka yi ya bar Ida ta sa gangare?"

Clifton ya zauna a bakin gado. Ya yi irin fuskar da yake yi tun yana yaro in an kama shi da abin da ba nasa ba.

"Ta baya suna yarda, in an nema."

"Ka nema?"

"Mama, kin ga abin da ya yi wa gidan? Lambun bayan ya zama kamar garejin mota. Bana an cire su daga yawon kallon tsofaffin gidaje na Oktoba. Mu kuwa bana mu ne na farko a jerin. Ki ɗan ƙara haƙuri a wuce Oktoba."

"In an wuce Oktoba?"

"Sai mu duba."

Ya sumbaci goshinta ya fita. Ta ji takunsa yana sauka a hankali, yana lallaɓa katakon.

Asabar ce ta fi mata wuya. Tun tana amarya, kowace Asabar da safe takan fito da bokiti da buroshi da garin wanki, ta durƙusa ta goge matakalar mabul ɗin ƙofar gida, kamar yadda duk matan layin ke yi, ana hira ana gulma daga ƙofa zuwa ƙofa. Macen da matakalarta ta yi dauɗa ba ta da bakin magana a coci. Matan sun mutu ko sun tashi, Verna ta ci gaba ita kaɗai har ranar da ta zame a kan ruwan sabulun ta karye. Yanzu Asabar rana ce ta yin shiru. Rosalind kan hau da safe ta ɗauke rediyo.

"Sauti na bin bututu, Mama Verna. Zuwa yamma kawai."

Gaskiya ta faɗa. A ƙasan bangon ɗakin akwai ragar ƙarfe, bakin tsohon bututun da ke kawo ɗumi daga ƙasa lokacin sanyi. Ta nan Verna ke jin duk abin da ake faɗa a zaure. Ta haddace jawabin Clifton. Attajirin jiragen ruwan da ya gina gidan. Matakalar da ke murɗawa sama ba ƙusa ko ɗaya. Furannin silin da wani Ba'italiya ya yi da hannu. Ƙofofin falo masu shigewa cikin bango, waɗanda ba a yarda kowa ya taɓa. In tari ya taso mata sai ta danne shi da matashi don kada ta ba ɗanta kunya.

Wata Asabar cikin Satumba ta ji ya ƙara wani abu.

"Matakalar mabul ɗin da kuka tako kuka shigo, mahaifiyata ce ta riƙa goge ta da hannunta, a durƙushe, shekara da shekaru. Shi ya sa har yau babu tabo ko ɗaya."

Aka yi 'yar sowa ta sha'awa. Wata mata ta tambaya, "Allah sarki. Tana raye?"

"Tana nan da ranta," in ji Clifton. "Ta tsufa dai. Tana hutawa a wani wuri mai kyau a bakin teku, inda iska ke da daɗi."

"Muna zuwa ganinta duk mako," Rosalind ta ƙara.

Verna na kwance a gefe ɗaya saboda gyambon, matashi a bakinta. Ta cire matashin a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta zare fanka daga soket ta sa waya, ta kwanta cikin zafin tana jira ta kawo wuta.

"Hattie."

"Sarauniya. Yau an tuna da talakawa?"

"Rufe bakinki ki ji. Duk abin da na gaya miki ƙarya ne."

Ta faɗa mata komai, har fo, har gyambo, har bakin teku. 

"Zan kira hukuma yanzun nan," in ji Hattie. "Su zo su tafi da shi da ita."

"Ba za ki kira kowa ba. Su zo su ɗauke ni su kai ni gidan tsofaffi, shi ya zauna da silinsa? Gidan nan sunana ne a kansa, Hattie, ban sa wa kowa hannu ba. Otis za ki nemo min."

"Otis Pruitt? Me mai walda zai yi miki?"

"Ki ce ya zo ya auna ƙofar gaba ranar da ba sa nan. Ki ce ya gama kafin Asabar ɗin yawon gidaje."

"Ƙofar gaba, Verna?"

"Kin kurumce ne?"

Daga ranar ta fara aiki. Duk lokacin da ta ji ƙofar gida ta rufu a bayansu, sai ta zamo daga gado zuwa ƙasa, ta ja jiki da hannu zuwa bakin ƙofar ɗaki, ta dawo, ta hau gado da ƙyar. Farkon yi sai da ta yi amai don zafi. Amma hannuwan da suka goge mabul tun tana amarya ba su manta ƙarfinsu ba. Ta fara cinye duk abin da aka kawo mata, har miyar gwangwani mai sanyi. Rosalind ta ce wa Clifton, a bakin bututu, "Ka gani? Ta saba. Tsofaffi sun fi son wurin da ba hayaniya."

Asabar ɗin Oktoba ta zo da rana mai kyau. Tun safe Rosalind ta hau ta ɗauki rediyo. Ta yi ado da doguwar riga irin ta matan da, har da safar hannu. Ta dubi fo ta yamutsa fuska.

"Da yamma, Mama Verna. Yau hannuna ba zai taɓa wannan ba."

"Ba komai, 'yata. Je ki."

Verna ta jira har zauren ya cika, har Clifton ya kai kan attajirin jiragen ruwa. Akwai rigar barci mai tsabta a ƙarƙashin matashi. Ba ta sa ba. Ta bar wadda ke jikinta, mai tabon gyambo a baya. Ta zamo ƙasa, ta rufe fo da murfinsa, ta tura shi gabanta har bakin matakala.

An hau da ita kamar buhu. Ta riga ta gaya wa Hattie kada kowa ya hau ɗauko ta.

Ta riƙa ajiye fo a taki na ƙasa, sannan ta sauke mazauninta, ta jawo ƙafar da hannu. Ƙugun na ci kamar wuta. A hawa na biyu ta wuce ƙofar ɗakinta, ta hango baƙon gado mai labule da jar igiya a gicciye. Ba ta tsaya ba.

Clifton na tsaye a gindin matakala, bayansa gare ta, hannunsa a kan katakon.

"Ku duba yadda take murɗawa. Babu ƙusa ko ɗaya a..."

Ya ga idanun baƙin sun bar shi sun hau sama. Ya juya.

"Mama."

"Ci gaba mana," in ji Verna, tana haki. "Ba ka kai kan bakin teku ba."

Ta sauke fo, ta sauko. Zauren ya yi tsit, ana jin ƙarar murfin fo a kan katako. Wani mutum ya miƙa hannu zai taimaka, ta girgiza kai. Da ta kai takin ƙarshe ta ɗaga jar igiyar da aka gicciye ta shige ta ƙarƙashi.

"Sannunku da zuwa gidana. Ni ce mai goge mabul. Tekun yana can sama, duk mai son gani ya hau. Tagar ba ta buɗuwa, gilashin na asali ne."

"Mama Verna ba ta da lafiya," Rosalind ta ce da sauri, tana murmushi ga mutane. "Wani lokaci takan rikice."

"Rosalind, ki yi shiru kafin in nuna musu bayana."

Ta ɗaga fo da hannu biyu ta miƙa wa ɗanta.

"Karɓi. Tun shekaranjiya."

Bai da yadda zai yi. Ya karɓa, ya tsaya riƙe da shi a gaban mutane cikin kwat ɗinsa mai kyau.

Ƙofar gida a buɗe take saboda baƙi. Hattie na tsaye a bakin titi da sandarta da hular zuwa coci. Bayanta motar Otis, da dogon gangaren ƙarfe a kwance a baya, da dattawan coci biyu. Ɗaya ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya fito da keken, ya kaɗe ƙura, suka ɗora ta. Ta tura kanta har bakin ƙofa. Iskar waje ta taɓa fuskarta karo na farko tun Yuli.

Matakalar na nan fara fat. Otis ya durƙusa a gefenta da injin huda a hannu, ya cire hula.

"'Yar uwa Verna, zan iya yi miki ta baya, ba abin da zai lalace. Na san yadda kike ji da dutsen nan."

"Ta gaba na shigo gidan nan, Otis. Ta gaba zan riƙa fita."

Clifton ya ajiye fo a ƙasa ya fito da gudu. "Mama, don Allah. Ki yi min komai, ban da wannan. Ba a haƙo irin wannan mabul kuma. In aka huda shi ke nan. Yau ɗin nan zan sauko da ke, zan je kwamiti ranar Litinin, na rantse."

"Na fi ka sanin dutsen nan. Gwiwoyina ne suka san shi, kai baki kawai ka sa."

Wata farar mata mai alamar kwamiti a ƙirji ta matso, ta yi magana a hankali. "Uwargida, ban san halin da kike ciki ba, kuma na ji kunya. Amma in aka huda gaban gida ba izini, za a ci tara, kuma dole mu cire allon."

"Otis, in ka gama ka ara mata abin kwance ƙusa ta cire allon."

Otis ya sa hularsa. Ya ɗora bakin injin a kan takin sama, daidai inda dutsen ya ɗan lotsa saboda guga. Ya sake dubanta.

"Huda," in ji Verna.

Injin ya yi ƙara. Farin gari ya taso kamar fulawa ya zuba a kan takalman baƙi. Verna ta ji shi har cikin haƙoranta. A nan ta zauna da Lemuel ranar da suka karɓi makulli. A nan Clifton ya koyi tafiya, yana riƙe da bokitinta. Ba ta kau da kai ba. Da ramin farko ya gama wani siririn tsagi ya gudu daga bakinsa zuwa gefen dutsen. Clifton ya yi wani sauti kamar an taka shi. Bai yi irin wannan sautin ba ranar da ya ga gyambonta.

"Saura," ta ce wa Otis.

Baƙi suka watse da kaɗan-kaɗan, wasu na rufe baki, wasu na ɗaukar hoto. Kafin la'asar gangaren ya zauna, ƙarfe mai ruwan toka, mummuna, ya bi jikin jan bulon har ƙasa. Dattawan suka sauko da gadonta da hoton Lemuel, suka ture kujerun tarihi gefe, suka kafa gadon a tsakiyar falo ƙarƙashin furannin Ba'italiya. Hattie ta aika a sayo ƙaguwa, ta baza jarida a kan teburin da ba a yarda a taɓa ba.

Clifton ya zo ya tsaya a ƙofar falo, Rosalind a bayansa ta cire safar hannu.

"Kin kashe gidan nan, Mama. Kin san abin da muka zuba a cikinsa? Yanzu mu ya kike so mu yi?"

"Hawa na biyu zan sa mai jinya. Ɗakin sama babu kowa. Akwai fanka. Soket ɗaya ne, sai ku riƙa zaɓa."

"Mama, ni fa ɗanki ne."

"Shi ya sa na ce ɗakin sama ban ce titi ba."

Ta tura keken zuwa bakin ƙofa. Ta kama ƙofofin nan biyu masu shigewa cikin bango, ta jawo su da ƙarfi. Suka yi kukan tsatsa, suka haɗu a gaban fuskarsa.

"Ba wanda zai ƙara shiga gidan nan kallon silin," ta ce daga ciki. "Gobe kuma zan je coci, ta ƙofar gaba."